Albasa saiwa ce ko ganye? Ina neman bayani kan sassan tsiro da aikin kowannensu

Malamar Aji Biyar, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a cikin garin Sakkwato, kuma bana aka ɗora mini darasin kimiyya na aji biyar, alhali Hausa da nazarin zamantakewa na saba koyarwa. A makon jiya muka zo kan sassan tsiro, sai na zana shi a allo kamar yadda yake a littafin ɗalibai, na rubuta saiwa da kara da ganye da fure da 'ya'ya da iri, sannan na ce wa yara duk abin da yake ƙarƙashin ƙasa saiwa ne. Da na nemi misalai, suka kawo rogo da dankali da karas da albasa, ni kuma na karɓa duka.

Wani yaro da ke zaune a layin baya, wanda iyayensa ke noman fadama a wajen Kwalkwalawa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in albasa saiwa ce, to mene ne gemun nan na ƙasanta da muke yankewa idan an tone ta? Kuma gyaɗa ma a ƙasa take, ita ma saiwa ce?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, na ce mu ajiye maganar sai mako mai zuwa, kuma tun ranar abin yake damuna, domin ba na son in bar yara sama da 70 da kuskuren da ni na saka musu.

Ina roƙon masana su fayyace mini yadda ake bambanta saiwa da kara da ganye idan ba ta wurin da suke zaune ba. Haka kuma littafin ya ce ganye ne ke haɗa wa tsiro abinci, mu kuwa tun muna yara taki muka sani a matsayin abincin shuka, to wanne ne daidai? Idan akwai hanyar nuna wa yara waɗannan abubuwa ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba, zan yi farin ciki da ita.

Malamin Kimiyyar Halittu, Mabera:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri da ba ki danne tambayar yaron nan ba, domin ya taɓo daidai wurin da zanen littafi yake ɓatar da mutane. Ba mazaunin sashe ne ke ba shi suna ba, ƙirarsa da aikinsa ake dubawa. Ana gane kara da gaɓoɓi da idanu, wato wuraren da ganye ko reshe ke fitowa, saiwa kuwa ba ta da gaɓa, kuma ba ta ɗaukar ganye. Da wannan ma'auni, rogo da karas da dankalin Hausa saiwoyi ne da suka kumbura saboda abincin da tsiro ya tara a cikinsu, amma dankalin Turawa kara ne da ya yi zamansa a cikin ƙasa, shi ya sa yake da idanun nan da ke tsira idan ya daɗe a ɗakin girki. Citta ma kara ce, haka nan gwaza.

Ita albasa, ki sa yaron ya zo da guda ɗaya da lawashinta da gemunta, ki tsaga ta daga sama zuwa gindi. A can ƙasa za ki ga wani ɗan faifai mai tauri, to shi ne karanta baki ɗaya. Gemun da ya fito daga ƙasan faifan shi ne saiwa, kamar yadda yaron ya hango. Rukunin nama kuwa da ke lulluɓe da juna, wanda muke yankawa a miya, gindin ganyaye ne da suka yi kauri, kuma idan kika bi ɗaya da yatsa zuwa sama za ki ga ya zarce ya zama koren lawashi. Gyaɗa labarinta daban ne: a sama take yin furenta rawaya, bayan an yi barbara sai wani ɗan tsinke ya fito daga wurin furen ya sunkuya ya soki ƙasa, ƙwanson ya girma a bakinsa. Saboda haka ƙwanson shi ne 'ya'ya, ƙwayar da ke ciki kuma iri.

Aikin saiwa na farko shi ne riƙe tsiro kada iska ta kayar da shi, na biyu tsotso ruwa da ma'adinan da suka narke a cikinsa. Ba kaurararan saiwoyin ne ke yawan tsotson ba, wasu 'yan gasu ne sirara ƙwarai da ke kusa da bakin ƙananan saiwoyi, kuma tsinkewarsu ce ke sa tumatir ya yi yaushi kwana ɗaya ko biyu bayan dashe. Gero da dawa da masara da shinkafa saiwarsu tari ce kamar gashi, wake da kuɓewa da yawancin itatuwa kuwa suna da uwar saiwa guda mai nutsewa. Gawo ya isa misali, domin tasa tana kaiwa ga ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa, har ya iya zama kore shar a tsakiyar rani.

Kara yana ɗaga ganye zuwa ga haske, amma babban aikinsa sufuri ne, kuma hanyoyi biyu ne a cikinsa. Ɗaya tana hawa da ruwa daga saiwa zuwa ganye, ɗayar kuma tana rarraba abincin da ganye ya haɗa zuwa ga saiwa da fure da 'ya'ya. A jikin bishiya, ta biyun tana nan dab da ƙarƙashin ɓawo. Wani karan kuma rumbu ne: rake yana tara sukari a cikin nasa, kuka tana tara ruwa.

Batun abinci kuwa, littafin ya yi gaskiya. Ganye yana shaƙar iskar kabon ta wasu ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta aiko, sannan sinadarin nan da ke sa shi kore ya kama hasken rana a yi aikin da ƙarfinsa, a sami sukari, a saki iskar oksijin da muke shaƙa. Wannan sukari shi ne abincin tsiro, da shi ake gina kara da saiwa da ƙwayar hatsi. Tun a ƙarni na 17 wani masani mai suna Jan van Helmont, mutumin yankin da yake Beljiyam a yau, ya dasa bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a tukunya mai ƙasa wajen kilo 90, ya yi shekara 5 ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ko giram 60 ba ta rage ba. Shi ya ɗauka ruwa kaɗai ne ya gina ta, sai daga baya aka gano rabon iska da hasken rana a ciki, amma gwajinsa ya tabbatar cewa ba ƙasa bishiya take ci ba. Don haka a ma'anar kimiyya taki ba abinci ba ne.

Tsohon Manomin Albasa, Wurno:

Malama, Allah Ya yi wa wannan yaro albarka, ɗan manomi ne na gaske. Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma na yarda da batun albasa ɗari bisa ɗari, domin abin da muke gani ne a gona ko da ba mu san sunansa na boko ba. Mun daɗe da sanin cewa albasar da ta yi ganye da yawa masu lafiya kafin ta fara ƙwai ita ce ke yin girma, wadda ƙwari suka tsotse lawashinta ya yi fari-fari kuwa ƙanana take bayarwa, ko nawa aka zuba mata ruwa. Idan ta nuna, wuyanta yakan yi laushi ganyen ya kwanta, a nan muke janye ruwa mu bar ta ta sha iska kafin a tone a kai rudu, wato wurin ajiyar albasa. Yanzu na gane cewa ganyen ya gama sauke abin da ya tara zuwa gindinsa ke nan. Saiwarta kuma gajera ce, ba ta nisa a ƙasa, shi ya sa ba ta jure jinkirin ban ruwa kamar yadda wake ke jurewa.

Inda nake da ja shi ne cewa taki ba abinci ba ne. Ina tsoron kada yaro ya koma gida ya ce wa mahaifinsa Malama ta ce shuka iska da rana take ci, a yi masa dariya, ya daina yarda da darasin gaba ɗaya. Na shekara fiye da 40 ina noma, kuma na ga gonar da ba ta sami taki ba a ƙarƙashin rana ɗaya da iska ɗaya da maƙwabciyarta, amma geronta ya tsaya rawaya, zangarniyarsa ba ta kai tafin hannu ba. Ya kamata a faɗa wa yara maganar ta yadda za ta dace da abin da idonsu ke gani.

Ina so kuma Malama ta nuna musu abu biyu game da saiwa waɗanda ban ga an ambata ba. Ta sa a tumɓuke mata wake ko gyaɗa a hankali daga ƙasa mai laima, a wanke saiwar a kwano, za su ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa a jikinta. Iyayenmu ba su san abin da ke cikinsu ba, amma sun san gonar da aka yi wake ko gyaɗa tana yi wa hatsi kyau a shekara mai zuwa, shi ya sa suke haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Na biyu shi ne wuta-wuta, wadda mu a nan muke kira ƙuduji. Idan aka tona gindinta za a tarar ta manne da saiwar gero ko dawa tana shan abin da suka tsotso, kuma kafin ta fito fili ta yi furenta mai kyaun gani ta riga ta gama ɓarnar a ƙasa. Duk manomin da ya bari ta zubar da iri ya saya wa gonarsa wahalar shekaru.

Akwai kuma ɗabi'ar zage karmamin dawa tun tana ɗanya don a ba dabbobi. Na sha hana 'ya'yana, domin na lura dawar da aka yi wa haka kafin ta cika ido ba ta nauyi a awo, musamman idan aka cire ganyayen sama na kusa da zangarniya.

Uwargida Mai Lambu, Arkilla:

Malama, ni ba malama ba ce, amma ina da ɗan lambu a bayan gida, kuma akwai gwaji uku da na yi da yarana waɗanda ba sa cin kuɗi. Ki ɗaura farar leda a kan reshen dogon yaro mai ganye da safe, ki matse bakinta da zare, kafin a tashi makaranta za a ga ɗigon ruwa ya taru a ciki, alhali ba wanda ya zuba. Ki kuma sa ganyen kabeji ko latas a kofi mai ruwan da aka zuba wa jar kalar abinci, washegari jijiyoyin ganyen za su yi ja, yara su ga hanyar da ruwa ke bi da idonsu. Na uku, ki jiƙa auduga a cikin gorar ruwa da aka yanke, ki jera ƙwayar wake a jikin robar, cikin kwana uku ko huɗu saiwa za ta fara fitowa kafin komai, kuma ko ta ina aka juya ƙwayar ƙasa za ta nufa.

Maganar Malam kan hanyar da ke ƙarƙashin ɓawo ta warware mini wani baƙin ciki. Ina da ɗan mangwaro da na rena shekara uku, awaki suka shigo suka ɓare ɓawonsa zagaye ɗaya a gindi. Ya ci gaba da zama kore na wani lokaci har na yi zaton ya tsira, daga baya ya bushe a tsaye.

Ni ma ina da tambaya ga Malam. Ina da gwanda biyu da na shuka rana ɗaya, ɗaya tana 'ya'ya, ɗayar kuwa shekara biyu ke nan sai tarin fure a kan dogayen tsinkaye, ya zube ba ko ɗa guda. Kabewata ma tana yin fure da yawa, amma kaɗan ne ke zama 'ya'ya. Ciwo ne ko rashin taki?

Malamin Kimiyyar Halittu, Mabera:

Baba Alhaji, na karɓi gyaranku, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya dace a ce wa yara shi ne ganye ne ke dafa abincin, amma ba zai iya ba sai da kayan haɗin da saiwa ke kawowa daga ƙasa, taki kuwa shi ke ƙara waɗannan kayan. Sinadarin da ke sa ganye kore da naitirojin ake gina shi, wato ɗaya daga cikin kayan haɗin da saiwa ke kawowa daga ƙasa, don haka geron da kuka gani ya yi rawaya ba rana ya rasa ba, abin kama hasken ne ya yi masa ƙaranci. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, shi ya sa ganye ke yin duhu bayan an zuba shi, ko da yake yawansa a ƙarshen lokaci yakan sa albasa ta yi kaurin wuya ta ƙi ajiya. Ƙulle-ƙullen saiwar wake kuwa gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne da ke kamo naitirojin daga iska, wadda kusan kashi 78 cikin 100 nata shi ne, su mayar da shi yadda tsiro zai iya amfani da shi. Idan aka fasa ƙullin aka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki.

Hajiya, mangwaronki yunwa ce ta kashe saiwarsa. Ruwa ya ci gaba da hawa ta cikin itacen, shi ya sa ganyen ya jima kore, amma hanyar saukar abinci ta yanke. Wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon masu sassaƙen maɗaci don magani su riƙa ɗiba a gefe ɗaya, kada su kewaye gangar jikin. Ruwan da ke taruwa a ledarki kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotsa ta ganye yake fita, kuma fitar tasa ce ke jawo wani daga ƙasa tana kuma sanyaya ganyen, abin da ke da muhimmanci a garinmu da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Gwandarki ba ta da ciwo, namiji ne. Fure, ko hure kamar yadda muke faɗa a nan, shi ne sashen haihuwa, kuma ba ya zama 'ya'ya sai garin da ɓangaren namiji ke fitarwa ya sauka a kan ɓangaren mace. A tumatir da wake da kuɓewa duka biyun suna cikin fure ɗaya. A kabewa da kankana furen namiji daban, na mace daban, a jikin yaɗo ɗaya, kuma za ki gane na macen da ɗan ƙullin da ke ƙasansa mai kamar ƙaramar kabewa. Na namijin su ne suka fi yawa, kuma dole su zube bayan sun gama aikinsu, amma idan na macen ne ke ruɓewa suna faɗuwa, to mai yiwuwa zuma ba ta zuwa, kuma feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da furen yake buɗe, yana daga cikin abin da ke korar ta. Kina iya tsinko furen namiji da sassafe ki goga cikinsa a kan na macen da hannunki. A dabino da giginya da wasu irin gwanda kuwa bishiyar ce gaba ɗaya take namiji ko mace, shi ya sa masu dabino ke hawa su ɗaura furen namiji a cikin na mace. Kada ki sare taki idan babu wani namijin a kusa.

Masara ce ta fi sauƙin nunawa a aji. Tutar da ke samanta ita ce namiji, gashin da ke bakin goyo shi ne mace, kuma kowane silin gashi yana haɗe da ƙwaya ɗaya, don haka goyon da ya fito da giɓi wasu silayen ne ba su sami garin ba. Iska ce ke ɗaukar wannan gari, kamar yadda take ɗaukar bununin gero. Bayan barbara, gindin furen shi ke kumbura ya zama 'ya'ya, aikinsu kuma shi ne kare iri da kai shi nesa da uwarsa: tumfafiya tana sakin nata da auduga iska ta kwashe, ƙarangiya tana maƙalewa a tufafi da gashin dabbobi, bagaruwa kuma dabbobi ke cin ƙwansonta su kai irin wani wuri a cikin kashinsu, wanda ya tsira daga hannun majema ke nan. A cikin kowace ƙwayar iri akwai jaririn tsiro da guzurin da zai ci har ya fitar da ganyen farko, kuma wannan guzurin ne muke niƙawa mu yi tuwo.

Malamar Aji Biyar, Runjin Sambo:

Baba Alhaji, Malam, Hajiya, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya na fara darasin da gaya wa yara cewa abin da na faɗa musu a makon jiya ba daidai ba ne, sannan na kira yaron nan gaban aji, shi ya tsaga albasar da hannunsa ya nuna wa 'yan'uwansa faifan da gemun. Na raba su rukuni shida, kowane rukuni da tire mai rogo da citta da rake da kuɓewa da zogale da gyaɗa, suka ware su bisa aikin kowanne. Citta ce ta fi jawo gardama, sai da wata yarinya ta nuna musu zoben gaɓoɓin da ke jikinta da wani ido da ya fara toho. Ledar da muka ɗaura a dogon yaron bakin ofis ta tara ruwa kusan cikin cokali biyu kafin ƙarfe ɗaya.

Waken da muka jera a gora ya fitar da saiwa, yau kuma mun kwantar da gorar a gefenta don mu ga ko saiwar za ta lanƙwasa ta sake nufar ƙasa kafin ranar Litinin. Yaron ya yi alkawarin zuwa da reshen da kauci ya kama daga wata bishiya a gonarsu, yana so a nuna masa inda saiwarsa take tun da bai taɓa ƙasa ba.